Kare Ƙirar Kayan Laturoni Daga Masu Kwafa: Abin Da Ke Aiki Da Abin Da Ba Ya Yi

Duk wanda ya ƙera na'urar laturoni ya kai ta kasuwa, daga ranar da ya sayar da ta farko ya riga ya miƙa ta ga abokin hamayyarsa. Shi abokin hamayyar ba sai ya haura katanga ko ya ba wani toshiyar baki ba. Kuɗinsa zai sa ya saya kamar kowa, ya kai ta kan teburinsa, ya kwance ta, ya zauna da ita iya lokacin da ya ga dama ba mai leƙensa. A nan sirrin na'ura ya bambanta da sauran sirrin sana'a. Mai haɗa sinadari yana iya ɓoye yadda yake haɗinsa a bayan ƙofar masana'anta, amma mai ƙera na'ura kowace guda ya sayar tana tafe da sirrinta a cikinta.

Abin da ke ba sababbin masu ƙira mamaki shi ne doka ba ta ɗauki feɗe na'ura a matsayin sata ba. Tun a 1974 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Kewanee da Bicron, ta bayyana cewa dokar sirrin kasuwanci ba ta kare mutum daga wanda ya gano sirrinsa ta halattacciyar hanya, kuma ta ambaci warware kaya don a gano yadda aka yi shi a cikin waɗannan hanyoyin. Tarayyar Turai ma ta tabbatar da haka a dokarta ta 2016: kayan da aka fitar wa jama'a ana iya nazarinsa, a kwance shi, a gwada shi. Akwai ma kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su TechInsights da ke Ottawa a Kanada, masu feɗe ai-si (ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu da ke ɗauke da da'irar lantarki a cikin na'ura) su sayar da rahoton abin da suka gani. Manyan kamfanonin da ke kukan ana kwafarsu suna cikin masu sayen irin wannan rahoto, don da shi suke gano ko wani ya taka musu haƙƙi.

Saboda haka, a ganina, wanda ke neman hanyar da za ta hana a kwafe shi gaba ɗaya yana neman abin da babu. Lissafin da ke da amfani shi ne: nawa mai kwafa zai kashe, kuma wata nawa zai ɗauka, kafin ya kai ga abin da aka ɓoye? In kuɗin da lokacin sun zarce ribar da yake hange, zai juya ya nemi wani. Da zarar an ɗora matakan kariya a kan wannan ma'auni, sai a ga da yawa daga masu ƙira suna zuba ƙarfinsu a inda ba ya tsinana musu komai, sun bar inda ɓarakar take.

A fara da allon na'ura, wanda masu gyara ke kira fanel. Mai kwafa zai ɗauki hotonsa gaba da baya, ya hura masa iska mai zafi har dalma ta narke, ya tsince kayan da ke kai ɗaya bayan ɗaya da matsefata, yana auna kowanne yana rubutawa. In allo ya rage tsirara sai ya kankare koren fentin da ke samansa, hanyoyin jan ƙarfe su fito fili, ya ɗora a kan sikana. In allon mai hawa huɗu ne ko shida, sai ya bi shi da samfefa a hankali, hawa bayan hawa, yana ɗaukar hoton kowanne kafin ya cinye shi. Wanda ke da hali ma ba ya shan wannan wahalar, na'urar eksire ce ke nuna masa cikin allon ba tare da ya goge komai ba. Daga hotunan a zana taswira, daga taswirar a buga sabon allo. Haƙuri aikin ke buƙata fiye da hazaƙa, kuma akwai masu yin sa a fili a matsayin sana'a, har da tallata kansu a intanet.

Matakan da aka fi gani a kan allo biyu ne: a kankare lambobin da ke bayan ai-si, ko a zuba wa allon baƙin danƙon efoksi ya daskare kamar dutse. Dukansu suna kwantar wa mai ƙira hankali don yana ganinsu da idonsa, amma jinkiri kawai suke kawowa. Ai-sin da aka kankare masa lamba yana tona kansa ta yawan ƙafafunsa, da ƙafar da wuta ke shiga, da wadda ke zuwa ƙasa, da inda aka haɗa kiristal mai ba shi bugun lokaci. Gogaggen injiniya in ya dubi waɗannan sai zaɓin ya rage kaɗan. In ma ya ƙi ganewa, ana iya narkar da baƙar rigar ai-sin da asid a duba silikon ɗin, wato ɗan falle na ciki da aka zana da'irar a kansa, da madubin ƙara girma, galibi tambarin kamfanin da ya yi shi da lambarsa suna nan a rubuce. Efoksi kuwa zafi da sinadarai da haƙuri suna cire shi, kuma yana da nasa hasarar: yana ƙara nauyi da kuɗi, yana iya riƙe zafi a inda ba a so, sannan in ƙaramin abu ya lalace a ciki sai dai a jefar da na'urar dungurungum. Inda ake zuba shi don kare allo daga ruwa da girgiza yana da dalili. A zuba shi don sirri kaɗai, ban ga ya biya kuɗinsa ba.

Gaskiyar magana, a yawancin na'urorin yau allon ba shi ne dukiyar ba. Dukiyar tana cikin manhajar da aka zuba a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa na'urar. Wanda ya kwafi allo bai sami manhajar ciki ba, gangar jiki ya samu babu rai.

Labarin ELM327 ya isa misali. Wani ƙaramin kamfani a Kanada, Elm Electronics, ya ɗauki ƙwaƙwalwar PIC ta kamfanin Microchip ya zuba mata manhajarsa, ta zama mai tafinta tsakanin kwamfutar mota da kwamfutar makanike. Ita ƙwaƙwalwar kowa na iya saye, darajar kayan duk a manhajar take. A fitowar farko ba a kunna makullin hana karantawa ba. Aka karance manhajar tas, aka shiga zuba ta a wasu ƙwaƙwalen, kuma har yau kasuwannin intanet cike suke da na'urorin duba mota masu wannan suna. Da yawansu ma an rubuta musu lambar fitowa 1.5, lambar da kamfanin bai taɓa fitarwa ba. Babu asid a wannan labarin, babu ɗakin gwaje-gwaje. Makulli ne da ba ya cin ko sisi aka bari a buɗe.

To, in an kunna makullin fa? Nan ne aikin ya fara zama na gaske. Kusan kowace ƙwaƙwalwa tana da ƙofar gwaji, wadda injiniyoyi ke shiga ta ciki su zuba manhaja su kuma nemo kurakurai, kuma kamfanonin da ke ƙera su sun tanadi hanyar rufe ta. A yawancin ƙwaƙwalen dangin STM32 na kamfanin STMicroelectronics, alal misali, matakai uku ne. A mataki na 0 komai a buɗe yake. A mataki na 1 ana iya haɗa na'urar gwaji amma ba a karanta manhajar, kuma wanda ya nemi komawa mataki na 0 sai komai ya goge. A mataki na 2 an toshe ƙofar ke nan har abada, ko kamfanin da ya yi na'urar ba zai sake buɗe ta ba. Masu ƙira da dama suna tsayawa a mataki na 1 don suna son in kaya ya dawo da matsala su iya dubawa, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi. Sai dai a 2017 wasu masu bincike biyu na cibiyar Fraunhofer a Jamus sun nuna cewa a rukunin STM32F0 ana iya tsame manhajar daga mataki na 1 kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Mataki na 2 ma bai tsira ba, saboda yadda aka tsara shi: a wata lamba da ke cikin ai-sin ake ajiye matakin kariya, kuma lamba ɗaya tak ke nufin mataki na 2, wata ɗaya ke nufin mataki na 0, duk sauran lambobi mataki na 1 ne. Sai suka buɗe rigar ai-sin suka haska masa haske mai ƙarfi na ultrabayolet har ɗigo ɗaya na lambar ya sauya, kariya ta sauko da kanta.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ba ta ma buƙatar a buɗe ai-si. Idan aka kunna na'ura, cikin abin da bai kai ƙyaftawar ido ba, ƙwaƙwalwar tana karanta wani wuri a cikinta don ta san ko a kulle take. Mai kai hari zai cire ƙananan kafasito da ke daidaita wutar da ke shigarta, ya liƙa siririyar waya, sannan daidai lokacin da take wannan karatun ya fizge wutar na wani ɗan lokaci da ake aunawa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. In fizgar ta yi yawa, na'ura ta ɗauke ta sake tashi. In ta yi kaɗan, ba abin da zai faru. Sai ya bar kwamfuta tana maimaitawa, tana ɗan matsar da lokacin gaba da baya, sau dubbai, har a dace da inda ƙwaƙwalwar za ta yi tuntuɓe ta tsallake umarnin kullewa. A 2020 an nuna wannan a kan dangin nRF52 na kamfanin Nordic. A 2021 kuma, kwanaki kaɗan bayan Apple ya fitar da AirTag, ƙaramar na'urar bin sawun kaya, wani mai bincike ɗan Jamus, Thomas Roth, ya bi wannan hanyar ya kwashe manhajar da ke cikinta, kuma kayan aikinsa ƙaramin allon Raspberry Pi Pico ne mai arha. Abin da ke sa irin wannan rauni ya zama babba shi ne a jikin silikon yake, sabunta manhaja ba ya warkar da shi, sai an ƙera sabon ai-si.

Duk da haka, ba na son mai karatu ya ɗauka cewa kullewar ba ta da amfani. Tana raba mai kwafa na gama-gari da ƙwararre, kuma wannan rabewar ita ce abin da ake nema. Abin takaici shi ne yawan na'urorin da aka kulle musu ƙwaƙwalwa amma aka ajiye manhajar a wani wurin da kowa zai ɗauka. Wasu suna sa fayil ɗin sabuntawa a shafinsu na intanet ba tare da an sakaya shi ba, duk wanda ya sauke ya sami abin da ake ɓoyewa. Wasu suna ajiye manhajar a wani ai-sin ajiya na dabam a kan allo, wanda ake maƙala masa ɗan matsi a karance shi cikin mintuna. Ko hanyar da ke tsakanin ai-si biyu ma wurin saurare ce. A 2002 Andrew Huang, yana ɗalibi a jami'ar MIT, ya ɗana na'urar da ya haɗa da kansa a kan hanyoyin jan ƙarfe na Xbox ta farko, na'urar wasan bidiyo ta Microsoft, ya kama ɓoyayyen umarnin tashi na Microsoft yana wucewa a fili, har da mabuɗin sirrin da ke ciki.

A nan akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Sa wa manhaja hatimin kamfani yana hana na'ura karɓar manhajar wani, amma bai hana a karanta ta ba. Sakaya manhaja da mabuɗin sirri yana hana karantawa, amma shi kaɗai bai tabbatar da cewa ba a taɓa ta ba. Mai tsoron kwafa yana buƙatar duka biyun.

Wanda ya ƙudiri aniya kuma yana da kuɗi, har cikin silikon yake shiga. Katin MIFARE Classic na kamfanin NXP, wanda aka yi amfani da shi a tikitin jiragen ƙasa na Landan da na Holan da ƙofofin ma'aikatu masu yawa, ya dogara da wani lissafin sirri mai suna Crypto-1 da kamfanin ya ƙi bayyana wa kowa. A Disambar 2007, a wani taro a Berlin, Karsten Nohl da Henryk Plötz suka bayyana yadda suka goge ai-sin katin hawa-hawa, suka ɗauki hotuna da madubin ƙara girma, suka sa kwamfuta ta gane siffofin ƙananan sassan, har suka sake zana lissafin. Da ya fito fili sai aka ga mai rauni ne. A 2008 NXP ya kai Jami'ar Radboud da ke Nijmegen kotu don a hana ta buga nata binciken, kotun Holan ta ƙi. Tun kafin nan, a 1999, Paul Kocher da abokan aikinsa sun nuna cewa ana iya gano mabuɗin sirri ta hanyar auna hawa da saukar wutar da ai-si ke sha yayin da yake lissafi. A 2010 kuma Christopher Tarnovsky ya fasa wani ai-sin tsaro na Infineon bayan aikin wata shida da kayan aiki masu tsadar gaske. Wata shidan nan abin lura ne: ai-sin ya faɗi, amma ya ci lokaci da kuɗin da mai neman ribar gaggawa ba zai iya kashewa ba.

Darasin MIFARE tsoho ne. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya rubuta cewa tsaron tsarin sirri bai kamata ya rataya ga ɓoye yadda tsarin ke aiki ba, mabuɗi kaɗai ya kamata ya zama sirri. In an kawo shi kan na'ura, akwai ƙarin sharaɗi da nake ganin ya fi kowane muhimmanci a duk wannan batu: kada na'urori su yi tarayya a mabuɗi ɗaya. In an sayar da guda dubu ɗari duk da mabuɗi iri ɗaya, wanda ya fasa guda ya fasa duka, kuma wahalar wata shida ta biya shi. In kowace na da nata, wanda ya fasa guda ita kaɗai ya samu, kuma in ya buga kwafi dubu masu lamba ɗaya, ranar da suka nemi haɗuwa da kwamfutar kamfani ta intanet za su tona kansu.

Don wannan ne ake sa ƙananan ai-sin tsaro irin ATECC608 na Microchip, waɗanda ke riƙe mabuɗi a ciki su yi lissafi da shi ba tare da sun fito da shi ba. Akwai kuma fasahar da ke samar da mabuɗi daga ƙananan bambance-bambancen da ke tsakanin kowane silikon da ɗan uwansa, ta yadda mabuɗin ba a rubuce yake a ko'ina ba. Amma da yawa suna sa ai-sin tsaro su ɓata amfaninsa. In aikinsa kawai shi ne babbar ƙwaƙwalwa ta tambaye shi ko na gaske ne ya amsa da e, to wanda ya sami manhajar zai nemo wurin tambayar ya share ta, shi ke nan. Sai an tsara yadda na'urar ba za ta iya aikinta ba sai da abin da ke cikin ai-sin, misali ya zama da mabuɗinsa ake warware wani sashe na manhajar, ko da shi ake shiga hidimar kamfanin.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan game da wanda ya sayi na'ura ne daga waje. Amma da ɗan gari akan ci gari. Mai ƙira da ba shi da masana'antar kansa yana tura wa wata masana'anta taswirar allo, da jerin kaya, da manhaja, da tsarin gwaji. Ya miƙa da hannunsa duk abin da mai feɗewa zai sha wahalar watanni kafin ya samu. Sananniyar matsala ce a ba da odar dubu goma, masana'anta ta buga dubu goma sha biyar, ragowar su fita ta ƙofar baya. Waɗannan ba a ma iya kiransu jabu, don layi ɗaya da kaya ɗaya suka yi su. Maganin da ke aiki shi ne masana'anta ta zuba manhajar gwaji kawai, ita manhajar gaske a zuba ta a wurin da mai ƙira ya amince da shi, ko kuma kowace na'ura ta karɓi mabuɗinta daga kwamfutar da ke hannun mai ƙira, wadda ke ƙirga nawa ta bayar. In mabuɗai dubu goma aka ware, ta dubu goma da ɗaya ba za ta tashi ba.

Ma'aikacin cikin gida kuwa ya fi masana'anta haɗari. Kamfanin AMSC na Amurka yana yin na'urori da manhajar sarrafa injinan samar da lantarki daga iska, kuma babban mai sayensa shi ne Sinovel na ƙasar Sin. A 2011 wani injiniya a reshen AMSC na Ostiriya ya kwashe asalin rubutun manhajar ya miƙa wa Sinovel, Sinovel kuma ya daina karɓar kaya daga AMSC. Bayanan da aka gabatar a kotu sun nuna AMSC ya rasa ayyuka kusan 700, fiye da rabin ma'aikatansa. Sai a Janairun 2018 wata kotu a jihar Wisconsin ta sami Sinovel da laifi, a Yulin shekarar aka ci shi tarar dala miliyan 1.5, ya kuma amince ya biya AMSC dala miliyan 57.5, alhali cinikin da aka ƙulla ya haura dala miliyan 800. Shekara bakwai ana shari'a. Babu makullin silikon da zai hana irin wannan. Abin da ke rage shi shi ne taƙaita wanda ke iya kaiwa ga kowane fayil, da ajiye tarihin wanda ya sauke me, da kuma lura da ma'aikacin da ke shirin tafiya cikin fushi.

Ga doka kuma, kowace takarda da abin da take karewa, kuma rashin sanin iyakarsu ya jefa mutane da yawa cikin hasara. Takardar mallakar ƙirƙira tana kare dabarar kanta har shekara 20 daga ranar nema, ko da mai kwaikwayon da kansa ya gano ta. Farashinta shi ne bayyanawa: bayan wata 18 ana buga bayanin kowa ya karanta, kuma a ƙasar da aka yi rajista kaɗai take aiki, babu takarda ɗaya ta duniya duka. Shi ya sa abin da ake iya gani da an buɗe na'ura ya fi dacewa da rajista, abin da ba a gani kuwa, kamar yadda ake daidaita na'ura a masana'anta, ya fi dacewa a bar shi sirri. Zanen cikin silikon yana da tasa kariyar ta shekara 10 tun dokar Amurka ta 1984, amma ita ma dokar ta halatta feɗewa don nazari. Kuma takarda ba ta kai ƙara da kanta, sai mai ita na da kuɗin shari'a. A 2014 Segway, kamfanin Amurka mai yin abin hawa na lantarki mai taya biyu, ya kai ƙarar wasu kamfanonin Sin, cikinsu har da Ninebot, kan taka masa haƙƙi, a Afrilun 2015 Ninebot ya saye Segway ɗin.

Haƙƙin mallaka kuwa rubutun manhaja yake karewa, ba aikin da take yi ba, kuma tarihin kwamfuta ya nuna wannan iyaka ƙarara. Kamfanin kwamfuta na Franklin ya kwafi manhajar cikin kwamfutar Apple II baƙi da baƙi, har da sunan wani ma'aikacin Apple da ke binne a ciki, kuma a 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta ce manhajar da ke cikin ai-si ma tana da kariya. IBM kuwa, da ya fitar da kwamfutarsa a 1981, ya buga rubutun manhajar tashinta a littafin bayani. Kamfanin Compaq, daga baya kuma kamfanin Phoenix a 1984, suka samar da tasu mai aiki iri ɗaya ba tare da kwafar rubutun ba. Salon da ya shahara daga nan shi ne a raba injiniyoyi gida biyu: rukuni ɗaya ya yi nazari ya rubuta abin da manhajar ke yi, ɗaya rukunin da bai taɓa ganin rubutun IBM ba ya rubuta sabuwa daga wannan bayanin. Daga nan kasuwar kwamfutoci masu jituwa da IBM ta buɗe. Shari'ar Franklin ta koya wa masu ƙira wata dabara mai arha: a binne wata alama a cikin manhaja ko a zanen allo wadda ba ta aikin komai, don ranar da aka je gaban alƙali ta zama shaida. Apple da kansa ya ɓoye wani ɗan hoto a cikin Macintosh na 1984 mai nuna cewa daga Apple aka sato.

Alamar kasuwanci ita ce aka fi rainawa, alhali ita ce mafi sauƙin karewa, don jami'in kwastan da mai kula da kasuwar intanet suna iya gane suna da tambari, ba sa iya gane da'irar lantarki. A yi mata rajista da wuri, har a ƙasar da ake ƙera kayan. A 2012 Apple ya biya kamfanin Proview dala miliyan 60 kafin ya mallaki sunan iPad a Sin. Arduino, mai yin ƙananan allunan laturoni na koyo da gwaji, da ya faro a Ivrea ta Italiya a 2005, ya saki taswirar allunansa kowa ya buga ya sayar, sunan kawai ya riƙe.

Akwai inda kariya ke juyawa ta faɗa kan wanda ba shi da laifi, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mai ƙira ya fi taka-tsantsan. FTDI, kamfanin da ke Glasgow a Sikotilan, ya daɗe yana fama da masu buga jabun ai-sinsa na FT232, mai haɗa na'urori da kwamfuta ta USB, kuma kukansa na gaskiya ne. A Oktoban 2014 ya fitar da sabuwar manhajar haɗi ta hanyar sabuntawar Windows, wadda in ta gane jabu sai ta sauya masa lambar shaida zuwa sifili, kwamfuta ta daina gane shi. Waɗanda abin ya shafa ba masu buga jabun ba ne. Mutane ne da suka sayi kaya da kuɗinsu ba su san abin da ke ciki ba, da ƙananan masu ƙira da dillali ya cusa musu jabu su ma ba su sani ba. Suka wayi gari na'urorinsu sun daina aiki. Da aka yi wa kamfanin ca sai ya janye manhajar. Kamfani yana da ikon ya ce manhajarsa ba za ta yi aiki da jabu ba, ya sanar da mai amfani a fili. Taɓa kayan da ke hannun mutum kuwa ya wuce gona da iri.

Haka batun yake ga ai-sin da ake sawa a kwalbar tawadar firinta ko a batir ko a sikirin, wanda a baki don hana jabu ne, a aikace kuma yana hana gyara da hana wani sayar da kayan da ya dace. Kamfanin firinta na Lexmark ya nemi ya yi amfani da dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998 ya hana kamfanin Static Control yin ai-sin tawada mai jituwa da firintocinsa, a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi goya masa baya. Tun 1992 ma, a shari'ar kamfanonin wasan bidiyo na Sega da Accolade, kotu ta amince da feɗe manhaja don a samar da abin da zai yi aiki tare da na'urar wani. Yanzu majalisu sun shigo cikin zancen. A 2024 jihar Oregon ta kafa dokar da ta hana ɗaure kayan gyara da lambar na'ura ta yadda sabon sashe zai ƙi aiki, a shekarar kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokarta ta haƙƙin gyara. Wanda ke zana na'ura yau dole tun a kan takarda ya raba makullin da ke kare manhajarsa da mabuɗansa daga makullin da ke hana mai na'ura canza batir ko sikirin, domin na biyun ya fara zama saɓa doka a wasu kasuwannin da zai so ya kai kayansa.